Wahalar Haɗiya a Matsayin Alamar Ƙarin Zuciya Marar Daji: Hanyoyin Aukuwarta da Darasinta ga Asibitocin Gundumar Madarunfa

Tsakure

Wahalar haɗiya alama ce da likitoci suka saba nema wa dalili a cikin maƙogwaro da bututun abinci, kuma a mafi yawan lokuta can ɗin ake samun dalilin. Wannan maƙala ta duba yanayin da ba a cika waiwaya ba, wato inda bututun abinci yake lafiya amma zuciya ce ke danne shi daga waje, ko kuma take jawo lalacewar jijiyoyin da ke sarrafa haɗiya, musamman idan ƙari marar daji irin miksoma ya tsiro a cikinta. An bi hanyar nazarin rubuce-rubucen likitanci, aka fito da hanyoyi uku da ƙarin zuciya ke bi ya hana haɗiya, sannan aka auna su da yanayin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Maƙalar ta nuna cewa duk da ƙarancin wannan cuta, tambayar da ke gano ta ita ce kuma ke gano ciwon ƙyauren zuciya na rumatik, wanda ya fi ta yawa nesa ba kusa ba a wannan yanki, saboda haka sanya zuciya cikin lissafi yayin duba mai wahalar haɗiya abu ne mai amfani ko a ƙaramin asibiti.

Muhimman kalmomi: wahalar haɗiya, miksoma, zauren hagu na zuciya, hoton eko, Madarunfa.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da wahalar haɗiya shi ne gazawar abinci ko abin sha ya wuce daga baki zuwa tumbi cikin sauƙi. Likitoci sun kasa ta gida biyu. Akwai ta sama, wadda mai ita ke kasa fara haɗiyar tun daga baki da maƙogwaro, yana ƙwarewa yana tari, wani lokaci ruwa ya fito masa ta hanci, kuma galibi tushenta a ƙwaƙwalwa ne ko a jijiyoyin saƙo. Akwai kuma ta ƙasa, wadda loma ke wuce maƙogwaro lafiya amma ta tsaya a tsakiyar ƙirji, kuma ita ce ke nuna ƙuncewar bututun abinci, ko raunin motsinsa, ko danniya daga wani abu da ke maƙwabtaka da shi. Wannan rabe-rabe shi ne ginshiƙin duk wani bincike da zai biyo baya, domin ƙarin zuciya yana iya haddasa kowanne daga cikin nau'o'in biyu, amma ta hanyoyi mabambanta.

Kalmar ƙari a nan tana nufin tsiron nama da ya taru a inda bai kamata ba, kuma idan aka ce marar daji ana nufin ba ya cin naman da ke kewaye da shi, ba ya kuma yaɗuwa ya kafa rassa a sauran sassan jiki kamar yadda sankara ke yi. Rashin kasancewarsa daji bai sa ya zama marar haɗari ba, domin a cikin zuciya wuri kaɗan ne, kuma duk abin da ya tare hanyar jini ko ya ɓantare ya bi jini yana iya halaka mutum cikin ɗan lokaci. A ɗaya ɓangaren, yana cikin cututtukan zuciya ƙalilan da tiyata guda ke iya warkarwa baki ɗaya. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu, wato tsananin haɗari da yiwuwar warkewa, ita ce hujjar ba shi kulawa duk da ƙarancinsa.

2.0 Hanyar Nazari

Wannan aiki nazari ne na abin da aka riga aka tabbatar a fannonin ilimin ƙirar jiki da cututtukan zuciya da na hanyar abinci. An dogara da bayanan tarihi na farkon gano waɗannan cututtuka, da jerin marasa lafiya da manyan cibiyoyin tiyata suka wallafa, da kuma binciken da aka gudanar kan cututtukan zuciya a Kano da Zariya da Yamai, kasancewar al'ummomin waɗannan birane sun yi kama da na jihar Maraɗi ta fuskar abinci da al'ada da yanayin ƙasa. An zaɓi Madarunfa a matsayin ma'auni saboda tana wakiltar irin gundumar da mara lafiya ke fara neman magani a ƙaramar likita, sannan sai an tura shi mataki bayan mataki kafin ya isa wurin da ake da na'urorin duba zuciya.

3.0 Ƙarin Zuciya Marar Daji

Ƙarin da ke tsirowa daga zuciya ita kanta abu ne mai wuyar samu, domin binciken gawarwaki ya nuna bai kai mutum 1 cikin 1,000 ba a yawancin rahotanni. Kimanin kashi 75 cikin 100 na irin wannan ƙari marar daji ne, kuma a tsakanin manya kusan rabinsa miksoma ne. Miksoma tsiro ne mai laushi da santsi, wanda kimanin kashi 75 cikin 100 nasa ke fitowa a zauren hagu, wato kogon sama na ɓangaren hagu na zuciya wanda ke karɓar jini daga huhu kafin ya miƙa shi ga kogon ƙasa, yayin da kashi 15 zuwa 20 ke fitowa a zauren dama. Yawanci yana rataye ne da ɗan gajeren tsinke a jikin bangon da ya raba zaurukan biyu, girmansa yana kamawa daga santimita 1 zuwa 15, ya fi kama mata fiye da maza, kuma an fi ganinsa tsakanin shekara 30 zuwa 60. Ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne ke da alaƙa da gado, a cikin wata lalura da J. Aidan Carney na asibitin Mayo da ke Amurka ya siffanta a 1985, wadda ke zuwa da ɗige-ɗige a fata da leɓe da kuma rikicewar sinadaran jiki.

Sauran nau'o'in sun haɗa da rabdomiyoma, wanda shi ne ya fi yawa ga jarirai da ƙananan yara kuma sau da yawa yana raguwa da kansa, da fibiroma na bangon zuciya, da lifoma wanda tarin kitse ne, da fibiro'ilastoma wanda ɗan ƙaramin tsiro ne da ke maƙalewa a ƙyauren zuciya, da faragangiliyoma wanda ke son rufin zauren hagu da bayansa. Matsayin kowanne a jikin zuciya shi ne ke tsara alamomin da zai haifar, fiye da irin ƙwayoyin halittar da aka gina shi da su.

Alamomin miksoma an saba tara su kashi uku. Na farko shi ne toshewar hanyar jini, inda ƙarin ke lilo a kan tsinkensa ya faɗa bakin ƙyauren mitiral, wato ƙofar da ke tsakanin zauren hagu da kogon ƙasa, kamar ƙwallon goruba da ke yawo a bakin mazurari, sai jini ya koma baya ya taru a huhu, mutum ya riƙa haki ko ya suma, wani lokaci gwargwadon yadda ya kwanta ko ya zauna. Na biyu shi ne ɓantarewar gutsure da ke bin jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa ko ido ko ƙafa. Na uku alamomi ne na jiki baki ɗaya, irin su zazzaɓi da rama da ciwon gaɓɓai da ƙarancin jini, waɗanda ake dangantawa da sinadarin intalukin 6 da ƙarin ke fitarwa. A jerin marasa lafiya 112 da Pinede da abokan aikinsa suka wallafa daga birnin Liyon na Faransa a 2001, kashi 67 cikin 100 sun zo da alamomin toshewa, kashi 29 da ɓantarewa, kashi 34 kuma da alamomin jiki baki ɗaya. Wahalar haɗiya ba ta cikin waɗannan manyan rukunai, kuma abin da aka sani game da ita ya fito ne galibi daga rahotannin mutum ɗai-ɗai.

4.0 Hanyoyin da Zuciya ke Hana Haɗiya

Bututun abinci na baligi yana da tsawon kimanin santimita 25, yana gangarowa daga ƙasan maƙogwaro ta bayan bututun iska, ya wuce gefen baka na babbar jijiyar awota da reshen hagu na bututun iska, sannan ya bi ta bayan zauren hagu kafin ya ratsa shamakin da ya raba ƙirji da ciki. A wannan wuri na bayan zuciya, tazarar da ke tsakanin bangon zauren da bangon bututun ƴan milimita ce kawai, bayan bututun kuma ƙashin baya ne. Wannan kusanci ne ya sa ake iya zura na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya da amon sauti, ta cikin bututun abinci a ga zauren hagu fiye da yadda ake ganinsa ta kan ƙirji, kuma shi ne ya sa kafin zuwan eko likitoci ke shayar da mara lafiya ruwan bariyom su ɗauki hoton ƙirji daga gefe don su ga ko zauren ya ture bututun baya.

4.1 Danniya kai tsaye

Hanya ta farko ita ce ƙarin da kansa ya danne bututun. An fi samun haka ga ƙarin da ya tsiro a bayan bangon zauren hagu ko a cikin jakar da ta lulluɓe zuciya, irin su lifoma mai girma da faragangiliyoma, domin waɗannan suna girma ne zuwa waje inda tazarar da ke tsakaninsu da bututun abinci kaɗan ce. Miksoma mai girman gaske da ya cika zauren shi ma yana iya tura bangon baya har ya matse bututun a jikin ƙashin baya. Wahalar da ke biyo baya irin ta ƙasa ce, tana farawa da abinci mai tauri, tana ƙaruwa sannu a hankali cikin watanni, kuma mai ita kan nuna tsakiyar ƙirji a matsayin inda loma ke tsaya masa.

4.2 Kumburin zauren hagu

Hanya ta biyu ba ta buƙatar ƙarin ya taɓa bututun ko kaɗan. Idan miksoma ya daɗe yana tare ƙyauren mitiral, ƙarfin jini yana hauhawa a cikin zauren hagu, bangonsa ya miƙe, faɗinsa wanda a lafiya ba ya wuce kimanin santimita 4 ya ƙaru, har ya kai matakin da wasu masana ke kira ƙaton zaure idan ya haura santimita 6.5. A wannan hali zauren ne ke danne bututun, daidai da yadda yake faruwa a ƙuncewar ƙyauren mitiral na rumatik. Kumburin yana iya kuma jawo matsewar jijiyar saƙo ta hagu da ke zagaye ƙarƙashin bakan awota ta koma akwatin murya, abin da ke haifar da dishewar murya, kuma Norbert Ortner na birnin Biyana ne ya danganta wannan da ciwon ƙyauren mitiral a 1897. Idan tantanin murya na hagu ya shanye, rufe hanyar iska lokacin haɗiya ba ya cika, sai ƙwarewa ta ƙaru a kan wahalar da ake ciki.

Dalilin da ya sa wahalar haɗiya ta yi ƙaranci duk da yawan masu kumburin zaure shi ne bututun abinci ba a ɗaure yake a wuri guda ba, yana iya zamewa gefe idan aka ture shi, kuma yana ci gaba da aikinsa ko da ya karkace. Sai an tsare shi tsakanin zauren da ƙashin baya ko awota, ko kuma daɗewar danniya ta raunana motsinsa, sannan wahala take bayyana. Wani abin lura shi ne tsananin wahalar yana iya sauyawa gwargwadon yawan ruwan da ya taru a jiki, ta yi tsanani lokacin da ƙafafu suka kumbura, ta yi sauƙi bayan an ba da maganin fitar da ruwa, sifar da ba a samun ta a sankarar bututun abinci.

4.3 Ɓantarewa zuwa ƙwaƙwalwa

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi saurin aukuwa. Gutsuren miksoma ko na fibiro'ilastoma, ko gudan jinin da ya daskare a kansu, yana iya bin jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ya haifar da shanyewar ɓarin jiki, kuma kusan rabin waɗanda wannan ya sama suna fama da wahalar haɗiya a kwanakin farko. Wannan wahala irin ta sama ce, tana zuwa farat ɗaya, ruwa ya fi abinci mai kauri wahalar wucewa, kuma tana tafe da karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar hannu. Idan toshewar ta faɗa kan gindin ƙwaƙwalwa, inda cibiyar sarrafa haɗiya take, wahalar haɗiya da dishewar murya da jiri suna iya zama manyan alamomi ba tare da wata gaɓa ta shanye ba. Saboda haka shanyewar ɓarin jiki ga matashi ko matashiya da ba su da hawan jini dalili ne mai ƙarfi na duba zuciya.

5.0 Yanayin Gundumar Madarunfa

Gundumar Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi, ta yi iyaka da jihar Katsina ta Nijeriya, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Jiratawa da Safo da Sarkin Yamma, da jama'a sama da 400,000 bisa ƙidayar 2012. Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne: daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa cibiyar lafiya ta CSI, zuwa asibitin gunduma, zuwa babban asibitin jiha da asibitin referans da ke Maraɗi, sannan manyan asibitocin Yamai da ke nesa da sama da kilomita 600. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuma tiyatar haihuwa, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara a gundumar wajen yaƙi da tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Miksoma kuwa cutar manya ce, kuma baligi shi ke biyan kuɗin hoto da na gwaji da na mota a kowane mataki, lamarin da ke sa kowace turawa da ba ta dace ba ta zama asarar da iyali ba lallai su iya maimaitawa ba.

Abubuwa uku ne a wannan yanki ke iya jinkirta ganewa. Na farko shi ne tsarin cimaka. Fura da kunu da koko abinci ne na yau da kullum a ƙasar gero, don haka mutumin da ya daina cin tuwo da nama ya koma ga abin sha bai fita daga al'adar gidansa ba, kuma iyalinsa na iya ɗaukar watanni ba su lura ba har sai rama ta bayyana. Tambayar da ta dace a asibiti ita ce yaushe rabonsa da tuwo ko ƙosai ko tsire, kuma me ya sa ya bari, domin idan aka tsaya ga tambayar ko yana cin abinci, amsar za ta kasance yana ci. Na biyu shi ne fassarar gargajiya ta ciwon wuya. Abin da ya tsaya a maƙogwaro ana yawan jingina shi ga belu, a kai mutum wurin wanzami a yanke, kuma wannan yanka ga wanda ƙyauren zuciyarsa ke da rauni yana iya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanyar shiga jini su kama ƙyauren. Na uku shi ne kamannin alamomi. Zazzaɓi da rama da ƙarancin jini a Madarunfa suna fara tuna wa ma'aikacin lafiya zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau, kuma wannan tunani daidai ne domin su ne suka fi yawa, sai dai idan gwajinsu bai nuna komai ba kuma magani bai yi aiki ba, wajibi ne a faɗaɗa nema.

Dalilan wahalar haɗiya da ya kamata a fara kawarwa sun haɗa da sankarar bututun abinci ga masu shekaru, da ƙuncewar da ke biyo bayan shan sodar yin sabulu bisa kuskure musamman ga yara, da farin fungus na bututun abinci ga masu ƙanjamau, da kumburin kaluluwar ƙirji na tarin fuka, da maƙoƙon da ya gangara bayan ƙashin ƙirji, da tabon da daɗaɗɗen ƙwarnafi ke bari, da akalasiya wadda ita ce gazawar ƙofar ƙasa ta bututun ta saki. Daga ɓangaren jijiyoyin jini kuma akwai kumburin awota, da karkatacciyar jijiyar hannun dama da ke bi ta bayan bututun, wadda David Bayford na Ingila ya wallafa bayaninta a 1794.

Babbar hujjar sanya zuciya cikin wannan jeri ita ce yawan cututtukan da ke kumbura zauren hagu a ƙasar Hausa. Ciwon zuciya na rumatik, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitireptokokus da ba a yi wa magani ba, an ƙiyasta yana damun mutum miliyan 33.4 a duniya a 2015. A Kano, binciken da Sani da Karaye da Borodo suka wallafa a 2007 ya sami wannan ciwo a kusan kashi 10 cikin 100 na hotunan eko da suka duba. Haka kuma raunin zuciya na bayan haihuwa, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970 suka danganta yawansa da wankan jego da kunun kanwa, wanda kuma Cénac ya bibiya a Yamai, yana faɗaɗa kogunan zuciya ga mata masu ƙuruciya. Miksoma yana kwaikwayon ƙuncewar ƙyauren mitiral har a sautin da ake ji da abin sauraren ƙirji, saboda haka mai ɗauke da shi na iya ɗaukar shekaru ana ba shi maganin rumatik idan ba a taɓa yi masa hoto ba.

6.0 Ganewa da Magani

Matakin farko ba ya buƙatar na'ura. Ga duk mai wahalar haɗiya, ma'aikacin lafiya na CSI zai iya tambayar haki yayin tafiya ko kwanciya, da suma, da faɗuwar gaba, da kumburin ƙafa, da sauyin murya, sannan ya taɓa bugun jini ya ji ko yana tafiya a tsare, ya duba jijiyoyin wuya, ya saurari zuciya a kwance da kuma a zaune. A wasu masu miksoma ana jin wani ƙaramin sauti bayan bugu na biyu, lokacin da ƙarin ya faɗa bakin ƙyaure, kuma sauyawar sauti da sauyin kwanciya alama ce mai nuni. Hoton ƙirji na radiyo a asibitin gunduma na iya nuna inuwa biyu a gefen dama na zuciya ko buɗewar kusurwar rassan bututun iska, hoton bariyom kuma ya nuna lotsawa mai santsi a gaban bututun daidai bayan zuciya, saɓanin ƙuncewa mai kaushi ta sankara. Idan aka zura madubin leƙen ciki aka tarar da fatar bututun lafiya amma bangon gaba ya turo yana bugawa tare da zuciya, to ba a tsinko nama a wurin, mataki na gaba shi ne eko.

Eko, wato hoton zuciya da amon sauti wanda Edler da Hertz suka fara a birnin Lund na Suwidin a 1953, shi ne ke yanke hukunci, domin na kan ƙirji yana gano kimanin kashi 95 cikin 100 na miksoma. Yana kuma rarrabe shi da daskararren jini, wanda ya fi zama a ɗan aljihun zauren hagu ga mai ƙuncewar ƙyaure da rikicewar bugu, alhali miksoma yana rataye a bangon tsakiya. Bambancin yana da nauyi, domin maganin tsinka jini yana amfani ga na farko amma ba ya narkar da na biyu. Ƙari mai girman da zai hana haɗiya ba ya ɓuya, kuma ko da na'urar duba ciki irin ta masu juna biyu ana iya hango shi daga ƙasan ƙashin ƙirji idan mai dubawa ya sami horo. Kafin a kai ga tiyata, ya kamata a guji ba irin wannan mara lafiya ƙwayoyin fotasiyom da dokisisaikilin a bushe ko dab da kwanciya, saboda suna iya maƙalewa a wurin danniyar su ƙona bututun.

Maganin miksoma shi ne cire shi tare da gindinsa ta hanyar buɗe zuciya, kuma ba a jinkirta shi bayan an gane saboda haɗarin ɓantarewa da mutuwar fuju'a. Clarence Crafoord ne ya fara yin wannan aiki cikin nasara a Stockholm a 1954, shekara guda bayan John Gibbon ya fara amfani da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu a Amurka. A yau mace-macen tiyatar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba a cibiyoyin da suka ƙware, dawowar ƙarin kuma tana tsakanin kashi 1 zuwa 3 ga wanda ba na gado ba, amma ta fi haka sosai ga na gado, wanda ya sa ake ci gaba da eko lokaci-lokaci tare da duba dangi na jini. A Nijeriya an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, amma har yanzu cibiyoyin da ke yin aikin a kai a kai ba su da yawa, saboda haka takardar turawa da ke ɗauke da cikakken sakamakon eko tana rage wa mara lafiya zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Yamai ko Kano.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ƙarin zuciya marar daji yana hana haɗiya ta danniya kai tsaye, ko ta kumburin zauren hagu, ko ta ɓantarewa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma kowace hanya tana da sifar da tambaya mai kyau ke iya fitowa da ita. Ba a ba da shawarar neman miksoma ga kowane mai wahalar haɗiya ba, domin sankara da ƙuncewa da cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa su ne kan gaba. Shawarar ita ce a tura mara lafiya eko a yanayi huɗu: idan wahalar ta zo da haki ko suma ko baƙon sauti a zuciya, idan ta zo da dishewar murya ba tare da ciwon maƙogwaro ba, idan hoto ya nuna danniya daga waje alhali fatar bututun lafiya take, da kuma idan ta biyo bayan shanyewar ɓarin jiki ga mai ƙananan shekaru. Horar da likitocin asibitin gunduma kan taƙaitaccen eko, tare da haɗin gwiwar sashen koyar da likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da kuma buɗe rajistar masu ciwon ƙyauren zuciya a gundumar, su ne matakai biyu da za su amfani ɗimbin masu ciwon rumatik, su kuma ba da damar gano ƴan ƙalilan masu ƙari tun tiyata na iya ceton su.